Shaye-shaye da Samun Sauƙin Matasa a Farkon Taɓin Hankali



Bahaushe yakan tara abubuwa da yawa ya kira su hauka, amma abin da nake nufi a nan ƙayyadadde ne, watau ciwon da kan sa mutum ya riƙa jin muryoyin da babu mai jinsu sai shi, ko ya sakankance ana binsa da sharri alhali babu mai binsa. Galibi yakan ɓullo ne tsakanin balaga da shekara 30. Shekarunsa na farko su ne masu muhimmanci, shi ya sa Patrick McGorry ya kafa cibiya ta musamman a birnin Melbon na Ostireliya a 1992, don a tare shi tun yana ɗanye.

A 1987 an buga wani bincike da aka yi a Suwidin a kan samari 45,570 da aka ɗauka aikin soja. An tarar waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba har sau shida wajen kamuwa da nau'in ciwon da ake kira sikizofireniya. Wannan zancen kamuwa ke nan. To, in an riga an kamu fa?

A 2016 wasu masana a Landan suka tattara sakamakon bincike 24 suka auna. Wanda ya ci gaba da shan wiwi bayan ciwon ya bayyana, ciwonsa ya fi yawan tashi, kuma ya fi daɗewa kwance a asibiti. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne wanda ya daina: halinsa ya yi kusa ƙwarai da na wanda bai taɓa sha ba. Ashe dai ƙofa ba ta rufe ba. Iyayen da kan ce yaro shi ya jawo wa kansa, su sallama shi, sun yi gaggawa.

Dalilin tashin ciwon ba ɓoyayye ba ne. Sinadarin THC da ke cikin wiwi yana taɓa sassan ƙwaƙwalwa masu aiki da dofamin, wanda shi ne magungunan ciwon ke ƙoƙarin rage wa ƙarfi. Ana ɗaurewa ana kwancewa ke nan. Ban da haka, mashayi yakan yi wasa da shan magani, ya bar zuwa ganin likita. Sau da yawa kuwa zaman banza da kaɗaici ne ke mai da shi wurin tsofaffin abokai, don haka nasiha kaɗai ba ta isa. Sai an haɗa jinyar ciwon da ta shaye-shayen wuri guda.

Ko taba sigari ma tana da nata. Hayaƙinta yakan sa hanta ta hanzarta fitar da magunguna irin su olanzafin da kilozafin daga jini. Saboda haka in mai shan su ya bar taba farat ɗaya, wajibi ne a sanar da likita, domin maganin zai ƙaru a jininsa, mai yiwuwa sai an rage masa awo.