Panhard: Kamfanin Da Motocin Sulkensa Suka Sha Ƙurar Arewacin Chadi

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan a shekarun 1970 da 1980 ya san wata 'yar ƙaramar motar soja mai taya huɗu, mai doguwar igwa a bisa kanta, wadda in ka hango ta daga nesa sai ka ce igwar ta fi ƙarfin motar. Jama'a kan kira ta tanka, amma ba tankar yaƙi ba ce, domin ba a kan sarƙa take tafiya ba. Motar sulke ce, sunanta AML, kuma kamfanin Panhard na ƙasar Faransa ne ya ƙera ta. Tun da yake sojojin Faransa sun tattara nasu ya nasu sun bar ƙasar nan a watan Janairu na 2025, ya kamata masu karatu su san wane ne wannan kamfani, da yadda aka yi kayansa suka shiga tarihinmu har wuya.

Asalin kamfanin ba shi da wata alaƙa da yaƙi. Injunan tsaga katako ake ƙerawa a masana'antar da ke birnin Faris, kafin injiniyoyi biyu, René Panhard da Émile Levassor, su sami iznin ƙera injin Daimler na Jamus. A 1891 suka fito da motar da aka ɗora wa inji a gaba, ƙarfinsa kuma yana tafiya zuwa tayoyin baya. Direbobinmu masu jigilar kaya zuwa Kuseri da Abeshe, in sun buɗe gaban babbar motarsu, tsarin waɗannan mutane biyu suke kallo. A 1895 Levassor ya tuƙa motarsu daga Faris zuwa Bordo ya komo cikin awa 48 da 'yan mintoci, ya riga kowa isowa. Bai daɗe ba bayan haka, ya rasu a 1897.

Kamfanin ya shekara fiye da 70 yana sayar da motocin hawa, amma kasuwa ta juya masa baya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Citroën ya haɗiye shi a 1965, kuma a 1967 aka daina ƙera motar farar hula da sunan Panhard. Sashen soja kaɗai ya rage, shi ne kuwa ya riƙe sunan.

Yaƙin Aljeriya ne ya haifi AML. Sojojin Faransa sun ga cewa manyan motocinsu sun yi nauyi, ga tsadar gyara, ba su dace da farautar 'yan sari-ka-noƙe a duwatsu da hamada ba. Suna so a yi musu wani abu mara nauyi irin Ferret ta Ingila, amma mai makami babba. Sai Panhard ya kawo musu mota mai nauyin tan 5 da rabi, wadda ta shiga aiki a 1961. Mutum uku ke cikinta: direba, da mai harbi, da kwamanda wanda shi ne kuma ke ɗura harsashi. Akwai mai ɗauke da igwa mai faɗin baki milimita 90, wato AML-90, akwai kuma AML-60 mai harba bam sama ya faɗo a bayan tudu. Tana gudun kilomita 90 a awa a hanya mai kyau, tana kuma cin kilomita 600 kafin ta nemi mai.

Abin da ya sa ta karɓu a ƙasashe irin namu yana cikin injinta. Silinda huɗu ne, dawaki 90, kuma iska ce ke sanyaya shi. Ba ta da lagireto, saboda haka ba ruwanta da neman ruwa a inda rijiya ke da nisan yini guda. Makanikin da ya saba da ƙananan motoci ba zai daɗe ba zai gane kanta. Jirgin sama na Transall yana iya ɗaukarta ya sauke a filin da ba kwalta. Tankar T-55 ta Tarayyar Sobiyet kuwa tan 36 ce, sai an nemo mata babbar tirela da tankar mai da ke bin ta a baya. Ga kuma araha. Shi ya sa aka ƙera fiye da 4,000 a Faransa, ƙasashe sama da 30 suka saya, ciki har da Chadi da Nijar da Nijeriya. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ma ta sayi iznin ƙera tata, ta sa mata suna Eland, ta yi yaƙi da ita a Angola. Ɗan kasuwar makamai ba ya tambayar mai saye addininsa.

Amma fa tana da nata aibun, kuma sojan da ke ciki ne ke biyan kuɗinsa. Kaurin sulkenta bai wuce milimita 12 ba, wato yana tare harsashin ƙaramar bindiga da ɓarɓashin bam, iyakarsa ke nan. Babbar bindiga mai sarrafa kanta na iya huda ta. Fetur take sha, shi kuwa fetur ba ya jiran a roƙe shi kafin ya kama da wuta. Da hannu ake juya igwar, kuma sai motar ta tsaya cik kafin a yi harbin da zai sami abin da aka auna. In ta taka nakiya kuwa, sai dai a yi wa na ciki addu'a.

A nan Chadi an ga aikinta a 1978, lokacin da Faransa ta turo sojoji don tare mayaƙan FROLINAT da suka nufo Injamena. A faɗan garin Ati, cikin watan Mayu na wannan shekara, sojojin Faransa sun yi amfani da AML. Sai kuma 1987, shekarar da duniya ta sa wa suna Yaƙin Toyota. Ran 2 ga Janairu sojojin Hisen Habre, ƙarƙashin jagorancin Hasan Jamus, suka auka wa sansanin Libiya a Fada. Alƙaluman da aka bayar sun ce Libiya ta yi asarar soja fiye da 700 da tankoki kusan 90 a yini guda. A watan Maris Wadi Dum ta faɗi, a watan Satumba kuma aka tsallaka har cikin Libiya aka bugi sansanin Maaten al-Sarra.

Toyota ce ta kwashe sunan wannan yaƙi, ita da makamin MILAN mai fasa tanka, kuma ta cancanta. Sai dai a cikin ayarin akwai motocin Panhard da kuma V-150 na Amurka. Dabarar ɗaya ce: a zo da gudu daga inda ba a zata ba, a shiga tsakanin tankokin abokan gaba, a yi harbi a gefe ko a baya inda sulke bai da kauri, a wuce kafin su juyo da igwa. Wannan dabara ta mutanen da suka san hamadarsu ce, ba a Faris aka koya musu ba. Rigimar Zirin Auzu kuwa ba makami ne ya kashe ta ba, Kotun Duniya ce ta yanke hukunci a watan Fabrairu na 1994 cewa na Chadi ne.

Bayan AML, Panhard ya fito da ERC-90 Sagaie mai taya shida da doguwar igwa, wadda sojojin Faransa suka yi ta yawo da ita a nan ƙasar da Kodebuwa, har zuwa Mali a 2013. Ya kuma yi VBL, 'yar ƙaramar mota ta leƙen asiri. Shi kansa kamfanin sai ya zama kamar haja a kasuwa. Auverland ya saye shi a 2005. A 2012 Renault Trucks Defense, wanda ke hannun Volvo na ƙasar Suwidin, ya karɓe shi ya haɗa da ACMAT, masu ƙera manyan motocin soja na VLRA da aka sani a wannan yanki. A 2018 aka raɗa wa gamayyar suna Arquus, a 2024 kuma kamfanin John Cockerill na Beljiyam ya saye ta. Arquus na cikin masu ƙera Griffon da Jaguar, sababbin motocin sulken sojojin Faransa, waɗanda ke cike da kwamfuta da na'urori, ba irin abin da makanikin bakin titi zai taɓa ba.

To, a nan ne maganar ta shafi aljihun kowa. Sayen motar sulke ba kamar sayen rago ba ne da za a biya a ja a tafi. Wanda ya sayar maka shi zai ci gaba da sayar maka da harsashi da taya da kayan gyara, shekara 30 ko 40, da kuɗin waje. Ko kyauta aka ba ka, kamar ERC-90 guda 9 da Faransa ta miƙa wa sojojin ƙasar nan a farkon 2021 sa'ad da take shirin sallamar irinsu daga aiki, ɗawainiyar tana kanka. Yanzu da ake karɓar motoci daga Sin da Turkiyya da Daular Larabawa, kowace da irin kayan gyaranta da irin horon da take buƙata, kuma daga baitulmali ɗaya ake biya, wanda asibiti da makaranta ke jira.

Shi ma yaƙin ya sake kama. Wanda ake yi a Tabkin Chadi ba na fili ba ne kamar Fada. Tsibirai ne da ciyayi da laka, da nakiyar da ake binnewa a hanyar da masunta da 'yan kasuwarmu ke bi zuwa Baga Sola da Bol. A harin Bohoma na ran 23 ga Maris 2020, Boko Haram ta kashe sojojin Chadi kusan 100 a sansaninsu da ke tsibiri. Motar da ake nema a yau ita ce mai tsayi daga ƙasa, wadda aka yi wa ciki kamar na kwale-kwale don ƙarfin nakiya ya watse gefe, kuma a cikin tabkin kansa sai jirgin ruwa.