Yélou: Ya saba da gudun kilomita 10, amma mil ɗaya ya zaunar da shi a ƙasa

Rana ba ta gama fitowa ba lokacin da samari shida suka jeru a bayan wani layi da aka ja da toka a kan hanyar bayan garin Yélou, cikin gundumar Gaya ta jihar Dosso. Babu alƙali, babu kyauta. Wani yaro ne a kan babur, riƙe da wayar hannu, zai duba musu lokaci. Nisan da suka yi niyyar yi mil ɗaya ne kacal, wato mita 1,609.

A cikinsu akwai wani matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai da mutanen unguwa suka sani da gudun asuba. Sau uku ko huɗu a mako yakan yi kimanin kilomita 10 ta gefen gonakin rake da itatuwan giginya kafin ya wuce aikinsa. Yana shirin neman shiga aikin damara, inda gudu ke cikin gwaje-gwajen da ake tankaɗe masu nema da su. Kowa a wurin ya ɗauka shi zai zo na ɗaya, ko gumi ba zai yi ba.

Na uku ya zo. Ya fita da ƙarfi ya bar sauran a baya, amma kafin a kai rabin hanya ƙafafunsa suka yi nauyi, numfashi ya sarƙe masa. 'Yan ƙwallo biyu da ba su taɓa yin ko kilomita biyar a jere ba suka wuce shi. Da ya tsallake layin ƙarshe sai ya zauna a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba bayan doguwar tafiyarsa ta asuba.

Me ya sa gajeren zango ya fi ciwo?

Abin da ya same shi sananne ne ga masu horar da 'yan tsere. Mai gudun dogon zango yana koya wa jikinsa tafiya a kan takun da iskar da yake shaƙa ke iya ɗauka. Zuciya da huhu suna kai wa tsoka abin da take buƙata, don haka zai iya awa guda bai tsaya ba. A mil ɗaya kuwa, saurin ya zarce abin da numfashi ke iya biya. Jiki ya ci bashi, tsoka ta fara zafi.

Lissafi ma na nuna haka. Wanda ke gama kilomita 10 cikin minti 45 yana cin kowace kilomita a minti 4 da daƙiƙa 30. Da wannan takun, mil ɗaya zai ɗauke shi kusan minti 7 da daƙiƙa 14. In yana son ya sauko zuwa minti 6, dole ya riƙa cin kowace mita 400 cikin daƙiƙa 90 ko ƙasa da haka, har sau huɗu a jere ba hutu. Ƙafar da ba ta taɓa ɗanɗana wannan saurin a atisaye ba, ba za ta koye shi ranar tsere ba.

Hanya kuma na da nata tarkon. A filin wasa zagaye huɗu ne da ɗan ƙari, ɗan tsere na jin lokacinsa a ƙarshen kowane zagaye ya gyara taku. A kan hanya babu wannan. Mutum na hango ƙarshen tafiya kamar ga shi nan kusa, sai ya zuba duk ƙarfinsa a mita 400 na farko. Kashi na uku, tsakanin mita 800 da 1,200, shi ne inda akasarin sababbin shiga ke karyewa, kuma a nan ne matashin na Yélou ya karye.

Tseren da ɗalibi ya yi wa suna

Mil ɗaya na da tsohon tarihi da masu gudun sha'awa. Ranar 6 ga Mayun 1954, a birnin Oxford na Ingila, Roger Bannister ya zama mutum na farko da ya yi shi ƙasa da minti huɗu, cikin minti 3 da daƙiƙa 59.4. A lokacin ɗalibin likitanci ne, yana atisaye a ɗan lokacin da karatu ya bar masa. Kwana 46 kawai tarihin ya yi kafin John Landy na Ostireliya ya karya shi.

A yau tarihin maza a filin wasa na hannun Hicham El Guerrouj na Maroko, wanda ya yi minti 3 da daƙiƙa 43.13 a birnin Rum ranar 7 ga Yulin 1999. Hakan na nufin kusan daƙiƙa 55 da rabi a kowace mita 400. A ɓangaren mata, Faith Kipyegon ta Kenya ta yi minti 4 da daƙiƙa 7.64 a Monako a watan Yulin 2023.

Sabon abu shi ne na kan hanya. Duk da cewa an daɗe ana irin wannan tsere, kamar na titin Fifth Avenue a birnin New York da aka fara tun 1981, sai a 2023 ne hukumar wasannin guje-guje ta duniya, World Athletics, ta fara amincewa da tarihin duniya na mil ɗaya a kan titi. Ranar 1 ga Oktoban wannan shekarar, a birnin Riga na Latbiya, Hobbs Kessler na Amurka ya lashe gasar duniya ta farko da minti 3 da daƙiƙa 56.13, Diribe Welteji ta Habasha kuma ta lashe ta mata da minti 4 da daƙiƙa 20.98. Kipyegon, mai tarihin filin wasa, ta uku ta zo a ranar. A watan Satumban 2024, Elliot Giles na Birtaniya ya sauko da tarihin maza zuwa minti 3 da daƙiƙa 51.3 a birnin Düsseldorf na Jamus.

Hukumar na da sharuɗɗa. Sai ƙwararren ma'auni ya auna hanyar da keke na musamman. Tazarar da ke tsakanin mafari da ƙarshe, in aka ja layi miƙe, ba za ta wuce rabin nisan tseren ba, kuma gangaren hanyar ba zai wuce mita ɗaya a kowace kilomita ba. Saboda haka ne ba a lissafa lokutan Fifth Avenue a matsayin tarihin duniya, domin titin miƙe yake daga farko har ƙarshe.

Abin da Yélou ke da shi

Samarin Yélou ba tarihin duniya suke nema ba, don haka waɗannan sharuɗɗa ba su dame su ba. Abin da ya shafe su shi ne awo. Mitar babur suka yi amfani da ita a ranar, kuma ita mita ɗari-ɗari take nunawa. Kuskuren mita 50 kawai zai iya ƙara wa mutum ko rage masa sama da daƙiƙa goma. Lokacin da aka ɗauka a kan hanyar da ba a auna daidai ba, babu wani mai horarwa a Dosso ko Yamai da zai yi aiki da shi.

A nan matsalar take. Jihar Dosso ta yi suna a kokawar gargajiya, kuma yaron da ke son zama kamar Issaka Issaka ya san hanyar da zai bi: daga dandalin ƙauye zuwa zaɓen jiha, daga nan zuwa gasar takobi ta ƙasa. Mai gudu a karkara ba shi da irin wannan tsani a gabansa. Lambobin yabo biyu da Nijar ta fara samu a gasar Olamfik, tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972 da azurfar Abdoul Razak Issoufou Alfaga a tekwando a 2016, duk daga wasannin faɗa suka fito. Sai dai Aminatou Seyni, wadda ta zo ta huɗu a tseren mita 200 a gasar duniya ta 2022 a Amurka, ta nuna cewa ƙafa ma na iya fitar da sunan ƙasar.

Mil ɗaya kan hanya shi ne tseren da gari irin Yélou zai iya shiryawa da abin da ke hannunsa. Ba ya buƙatar filin roba, ba ya buƙatar tashoshin ruwa kamar gudun fanfalaki. Cikin minti goma an gama, kafin zafin rana ya sauka, abin da ke da muhimmanci a yankin da zafin watan Afrilu kan haura digiri 40. Igiya mai tsawon mita 50 da aka gwada da awon magina, a shimfiɗa ta sau 32 a ƙara mita 9 da 'yan kai, ta ba da mil ɗaya. Sai a kafa alama a kowace mita 400, a tsayar da mai faɗin lokaci a kowace alama, a rubuta sakamako a littafi da kwanan wata. 'Yan garin da ke ci-rani a Kwatano, Legas ko Abijan, waɗanda kan aiko da riguna da ƙwallo lokacin gasar hutu, agogon tsere da awon magina ba za su gagare su ba.

Shi dai matashin ya sauya tsarinsa. Bai bar doguwar tafiyar asuba ba, domin ita ce tushen ƙarfinsa, amma ya ware rana ɗaya a mako don sauri: ya ɗumama jiki na kwata guda, sannan ya yi mita 400 sau shida da hutun minti biyu a tsakani. Ya kuma ƙudiri niyyar barin 'yan ƙwallon su yi gaba a kashin farko, ya jira su a kashi na uku. Sun tsayar da ranar sake karawa bayan makonni shida, kuma a wannan karon da igiya za su auna hanyar.