Shiri na Musamman: Matasan Kudan da Tabon da Kullen Korona Ya Bari

Yau shirin ya leƙa Ƙaramar Hukumar Kudan, ƙasar rake da tumatir da tattasai a arewacin Jihar Kaduna, domin waiwayen abin da annobar korona ta bari a zukatan matasa.

A ranar 23 ga Maris, 2020 aka rufe makarantu. Kafin watan ya ƙare, gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta kafa dokar kulle, wadda ba a sassauta ta sosai ba sai a watan Yuni. Kasuwanni suka daina ci, aka dakatar da sallar Juma'a, aka hana acaba. Azumin shekarar ma cikin kulle aka yi shi.

Dokar ta hau kan kowa, sai dai nauyinta bai zo ɗaya ba. Ɗan ma'aikacin gwamnati a Zariya ya zauna gida, albashin mahaifinsa na shigowa, wayarsa da data. Shi kuwa saurayin Hunkuyi ko Likoro a Kudan da ke lodin kwandunan tumatir, ko ɗaurin rake zuwa kasuwar Makarfi, sai ya fita yake samun na cefane. Tumatir ba ya jiran a ɗage doka. Kwana kaɗan ya yi a kwando sai ya fara tsiyaya. Wanda ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa domin noman rani, da idonsa ya ga guminsa na ruɓewa, mai bashi kuma na sallama a ƙofar gida.

A fannin karatu ma haka. Gwamnatin jiha ta shirya darussa ta rediyo da talabijin, kuma an yaba. To amma rediyon gida ɗaya ne, yana hannun maigida, batir kuwa da kuɗi ake sayensa. Yarinyar da za ta zauna sauraro ita ce mai ɗiban ruwa, ita ce mai talla. Jarrabawar WAEC sai a Agusta aka yi ta. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, nan kusa da Kudan, ga annoba ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na wata 9. Wasu 'yan mata kuwa, kafin a buɗe makarantu an riga an kai su ɗakin miji.

Kada mu manta da almajiran da gwamnonin Arewa suka riƙa mayarwa jihohinsu a manyan motoci, cikin Afrilu da Mayu. Yaro ƙarami aka raba shi da malaminsa da abokan karatunsa, aka killace shi, ana nuna shi da yatsa wai shi ne mai ɗauke da cuta. Wa ya tambaye shi halin da zuciyarsa ke ciki?

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko ta annobar, kuma matasa da mata ne abin ya fi shafa. A wurinmu ciwon ba ya zuwa da suna. Saurayi ya daina fita majalisa, barci ya ƙaurace masa, abu kaɗan ya hau faɗa. Sai a ce tunani ya yi masa yawa, ko an yi masa asiri, ko kuma lalaci ne kawai. Wani daga nan yake faɗawa shan ƙwaya, don ya samu ya runtsa.

Neman magani ma ya danganta da aljihu. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, cikin Kaduna. Mai hali zai ɗauki ɗansa a mota. Talaka sai ya lissafa kuɗin mota da na kati da na magani, ga tsoron kada a ce a gidansa akwai mai taɓin hankali, a ƙi auren 'ya'yansa. Likitocin fannin a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, ga jama'a sama da miliyan 200.

A Janairun 2023 aka samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwa ta 1958. Amfaninta zai iso Kudan ne ranar da ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye ya iya gane ciwon damuwa kamar yadda yake gane zazzaɓin cizon sauro.

Kafin lokacin, iyaye da limamai da malaman makaranta, ku ne a kusa. In kun ga yaro ya sauya, a ja shi gefe a saurare shi kafin a hau shi da faɗa. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti. Ɗaya ba ya hana ɗaya.