Ƙwallon La Paz da Sirrin Jinin Mutanen Tsauni

Ranar 1 ga Afrilu, 2009, Ajantina ta je birnin La Paz, Messi a fili, Maradona a benci, amma Bolibiya ta lallasa ta da ci 6 da 1. Ba wai 'yan Bolibiya sun fi iya taka leda ba ne. Filin wasan yana kan tudun da ya kai mita 3,600 daga teku, Kano kuwa ko mita 500 ba ta kai ba. A irin wannan tsawo iska takan yi sauƙi, duk numfashin da mutum ya ja sai ya samu kusan kashi biyu cikin uku na oksijin ɗin da zai samu a bakin teku. Baƙo na haki, ɗan gida na gudu. Har FIFA ta taɓa hana wasannin ƙasa da ƙasa a filayen da suka haura mita 2,500 a 2007, kafin ƙorafi ya sa ta janye.

Abu biyu ne a nan, kuma mutane kan cakuɗa su. Akwai sabo, akwai gado. Idan Bakano ya yi 'yan makonni a La Paz, jikinsa zai ƙara jajayen ƙwayoyin jini don su ɗauki ƙarin oksijin, hakin ya ragu. In ya dawo gida, komai ya koma yadda yake, ɗansa kuma ba zai gaji ko kaɗan daga ciki ba. Gado kuwa aikin dubban shekaru ne. A cikin al'ummar da ta zauna kan tsauni, matar da jikinta ya fi jure ƙarancin iska ita ta fi haihuwar jariri mai ƙwari, shi ya fi rayuwa har ya haifi nasa. A kwana a tashi, siffar ta game gari.

Abin ban sha'awa shi ne, matsala ɗaya ce ta samu mutanen tsaunukan Andes na Kudancin Amurka da mutanen Tibet, amma kowa da mafitar da jikinsa ya bi. Na Andes jininsu ya cika da himogulobin, sinadarin da ke dakon oksijin, ga faɗin ƙirji. Dabarar tana aiki, sai dai jini in ya yi kauri zuciya ce ke shan wahalar tura shi. Wasu in shekaru sun ja sai ciwon kai da kasala da shuɗancin leɓe su kama su, cutar da wani likitan Peru, Carlos Monge, ya bayyana a 1925, har yau kuma da sunansa ake kiranta.

Na Tibet ba su bi ta nan ba. Himogulobin ɗinsu bai yi wa na mutanen ƙasa nisa ba. Numfashinsu ne ya fi sauri, jijiyoyin jininsu suka fi buɗewa, sai jini marar kauri ya riƙa zagayawa a sake. Cynthia Beall, wata masaniya Ba'amurkiya, ta shafe shekaru tana auna wannan bambanci a ɓangarorin biyu. A 2010 aka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna EPAS1 ce ke taka wa jikinsu birki kada ya yi ta zuba jajayen ƙwayoyi. Nau'inta na musamman yana jikin kusan kashi 87 cikin 100 na Tibetawa, alhali a 'yan ƙabilar Han na Sin bai wuce kashi 9 ba. A 2014 bincike ya nuna cewa sun samo shi ne ta auratayya da wasu mutanen da can, waɗanda aka tono ƙasusuwansu a kogon Denisoba na Saberiya. Su sun shuɗe, gadonsu na nan yana numfashi a Lhasa ta Tibet. Amharawan tsaunukan Habasha su ma sun samu tasu hanyar, da ƙwayoyin gado daban.

A ganina, inda ake kuskure shi ne ɗaukar irin wannan a matsayin fifikon wata ƙabila a kan wata. Kowace siffa da wurin da take amfani, kuma ba kasafai take zuwa kyauta ba. Mu ma muna ɗauke da tamu, ba tsauni ne ya ba mu ita ba, sauro ne. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai jinin AS ya fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Inda zazzaɓi ya daɗe yana ɗibar yara, masu AS suka fi kai labari, shi ya sa a yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana da shi. Kuɗin wannan garkuwa kuwa yaran da suka gaji S daga uwa da uba ne ke biya, su ne masu SS, wato amosanin jini, da dare-dare a asibiti da ciwon ƙashi da neman ledar jini. An ƙiyasta ana haihuwar kimanin 150,000 irinsu a Najeriya duk shekara.

Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, kuma lafiyar ɗan fari ba ta lamunce wa na biyu komai. Don haka iyaye, a tura yara gwajin jini tun ana zance a zaure, kada a bari sai an kai kuɗin gaisuwa.