Fitilar CMH 315W: za ta iya nuna maka attaruhu a tsakiyar hunturun Ingila?

Bidiyon da muka saka a kan fitilun noman cikin ɗaki ya jawo tambayoyi fiye da na wayoyi biyun da muka duba kafinsa, kuma yawancinsu a kan abu ɗaya suke: me ya sa fitilar CMH ta cika eBay da Facebook Marketplace a araha haka, kuma in mutum ya saya zai ci riba ko zai yi kuka? Minti goma sha biyu na bidiyo ba su isa a yi lissafin ba, shi ya sa na kawo shi nan.

Amsata a taƙaice: fitila ce mai kyau, haskenta ya fi na kusan duk wata fitilar gas da na taɓa gani, amma kuɗin da ka rage wajen saye za ka biya su a mita kafin shekara ta zagayo. Sai fa in ɗakin da za ka yi noman yana da sanyi. A nan lissafin yake juyawa.

Bari mu faɗi gaskiya tun farko, kada wani ya ce mun ɓoye. Masu noman tabar wiwi ne suka ɗaga kasuwar wannan fitila. Jihar Kolorado ta Amurka ta kaɗa ƙuri'ar halatta ta a 2012, Kanada ta bi a Oktoban 2018, kuma a shekarun nan ne CMH mai wat 315 ta zama abin yayi a shagunan kayan noman cikin gida. Daga baya LED ta yi ƙarfi ta yi araha, manoman suka koma can, tsofaffin fitilun suka kwararo kasuwar gwanjo. Dalilin arahar ke nan. Mu kuwa a nan Birtaniya, wiwi tana rukunin B a dokar miyagun ƙwayoyi ta 1971, kuma nomanta na iya kai mutum ɗaurin shekara 14, ban da abin da zai samu bizarsa. Don haka wanda ya turo tambaya a kan wannan ɓangaren, ba a tasharmu zai samu amsa ba. Abin da ke cikin tantina attaruhu ne da yakuwa da alayyahu, kuma fitila ba ruwanta da sunan ganyen da ke ƙarƙashinta.

Me ya sa ma ake buƙatar fitilar? A Manchester, ranar da ta fi gajarta a Disamba ba ta kai awa bakwai da rabi ba, kuma mafi yawanta hadari ne. A Kano kuwa ko a lokacin da rana ta fi gajarta tana haura awa goma sha ɗaya. Attaruhu ɗan zafi ne mai son haske. Ka ajiye shi a bakin taga a watan Janairu, zai miƙe siriri yana neman rana, ganyensa ya koɗe, fure kuwa sai dai ka ji labari.

To mece ce CMH ɗin? A cikin kwan akwai wani ɗan ƙaramin bututu da aka zuba wa zaiba da gishirin wasu ƙarafa. Wuta na ratsa shi, su narke su zama tururi, tururin ya yi haske. Tsohuwar fitilar metal halide ma haka take aiki, amma bututunta na gilashin kwaz ne, wanda gishirin ke ci a hankali har launin hasken ya canja. A CMH an yi bututun da tangaran na alumina, wanda ya fi jure zafi da cin gishirin. Saboda haka tana iya ci da zafi sosai, kuma launukan haskenta sun fi cika. Philips ne suka fito da ita kasuwa sosai a 1994, asali don shaguna da tituna. In kun ga an rubuta LEC a jikin kwali, abu ɗaya ne, sunan kasuwa ne kawai da wani kamfanin Amurka ya sa mata.

Abin da na fi so game da ita shi ne idona yana ganin gaskiya a ƙarƙashinta. Fitilar HPS, irin ta titi mai ruwan lemo, tana mayar da komai rawaya, ba ka gane ganyen da ya fara ciwo. Tsofaffin LED masu shunayya sun fi muni, kamar kana gidan rawa. CMH tana da makin nuna launi sama da 90 cikin 100, wato kore kore ne, ja ja ne. Ƙananan ƙwarin da ke maƙalewa a bayan ganyen barkono, da wuri kake hango su. Kuma ga mu masu ɗaukar bidiyo, kun ga yadda hoton ya fito ba tare da na taɓa launi a kwamfuta ba. Kwan iri biyu ne a kasuwa: 3100K mai ɗan ja-ja, da 4200K mai fari-shuɗi. Ga wanda zai sayi ɗaya tak kuma yana son 'ya'ya, 3100K ya wadatar daga shuka har girbi.

Yanzu ga inda abin yake. Shuka ba ta san lumen ba, lumen ma'aunin idon ɗan Adam ne. Abin da ake ƙirgawa a noma shi ne yawan ƙwayoyin hasken da fitila ke fitarwa a kan kowane ɗigon lantarkin da ta sha, ana rubuta shi µmol/J. A 2014 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Jihar Utah, Jacob Nelson da Bruce Bugbee, sun auna fitilun noma iri-iri. CMH mai wat 315 ta ba da 1.46, yayin da mafi kyawun HPS da LED na wancan lokacin suka tsaya wajen 1.7. Wato a lokacin tazarar ba ta da yawa, ga ta da kyan launi, ga LED da tsadar tsiya, shi ya sa mutane suka rungume ta. Amma ita CMH ta tsaya kusan inda take, LED kuwa ta yi gaba: allunan da ke amfani da ƙwayoyin Samsung LM301 yau suna ba da 2.5 ko sama da haka.

Mu juya shi zuwa kuɗi, don shi ne yaren da kowa ke ji. An rubuta 315, amma in ka haɗa da abin da balas ke sha, wajen wat 340 take ja daga bango. Ka kunna ta awa 16 a rana, yunit 5.44 ke nan. Farashin yunit a ƙarƙashin iyakar Ofgem ya yi ta yawo tsakanin 24p da 27p a shekarar 2025. Mu ɗauki 25p don sauƙi. Fam 1.36 a rana, wajen fam 41 a wata. LED mai wat 200 da ke ba da 2.5 za ta zuba wa shukar haske kusan daidai da wannan, a kan yunit 3.2 a rana, wato 80p, fam 24 a wata. Bambancin fam 17 duk wata. Attaruhu kuma ba ya sauri: irin na iya ɗaukar mako biyu zuwa uku kafin ya tsiro, sannan wata uku zuwa huɗu bayan dashe kafin ka tsinki ja. Ka ce wata biyar, fam 85 sun tafi a bambanci kaɗai. Ban ma sa kuɗin fanka ba.

Wani zai ce, to da fam 41 a wata ai ka sayi attaruhun da zai ishe ka a shagon 'yan Afirka. Ƙwarai kuwa, kuma ba zan yi musu ba. Duk wanda ya ce maka noman tanti zai rage maka kuɗin cefane, talla yake yi maka. Ana yinsa ne don sha'awa, da kuma abin da shago ba ya kawowa da ɗanyensa, irin su yakuwar da aka tsinka yau aka sa a tukunya yau.

Amma ga inda CMH take ramawa. Duk lantarkin da fitila ta sha, a ƙarshe zafi yake zama a cikin ɗakin, kuma CMH tana jefa nata kai tsaye a kan ganye, kamar rana. Attaruhu na jin daɗi tsakanin digiri 21 da 29. In gareji ko rumbun bayan gida za ka yi amfani da shi, inda sanyi ke shiga ta ko'ina, LED ɗin wat 200 ba za ta ɗumama tantin ba, dole ka ƙara hita. Da ka sa hita, fam 17 ɗin nan sun narke. A irin wannan wurin CMH aiki biyu take yi da wuta ɗaya, kuma nan ne kaɗai nake cewa a saye ta ba tare da jinkiri ba. Dabara ɗaya: ka saita taima ta riƙa ci da dare, lokacin da sanyi ya fi tsanani, ta huta da rana. In kana kan tsarin Economy 7 ma, wani ɓangare na awannin zai faɗo a farashin dare mai sauƙi.

A ɗakin kwana mai hitar gida kuwa, zafin nan matsala ne. Da tanti ya haura digiri 32, attaruhu ya fara kakkaɓe furensa, ka ga shuka kore shar amma babu ɗa. Sai ka sa fanka mai zuƙe iska waje, ita ma da ƙararta da nata kuɗin. A lokacin bazara ma ba a magana.

Tantina mita ɗaya ne a kan mita ɗaya, kuma iyakar abin da fitila ɗaya ke rufewa da kyau ke nan. Wanda ya ce maka za ta ishi ɗaki guda, ka bar shi da kayansa. Ina barin wajen santimita 50 zuwa 60 tsakaninta da kan shuka, in sa bayan hannuna daidai ganyen sama: in ya dame ni, ya dami shukar. Tunda babu ƙudan zuma a tanti, nakan girgiza rassan attaruhun a hankali in sun yi fure. Yakuwa kuwa tana da nata hali mai ban sha'awa: ba ta fure sai rana ta gajarta, shi ya sa a gida ake girbin zoɓo bayan damina. A ƙarƙashin awa 16 za ta yi ta zuba ganye ne kawai, wanda ga mai son miya ko fate shi ne abin nema. Mai son zoɓo sai ya sauke taima zuwa wajen awa 11 zuwa 12, amma ya san ta yi tsawon da za ta cinye tantin.

In dai kun yanke shawarar sayen ta gwanjo, akwai abubuwan da ba a wasa da su. Na farko balas, wato ɗan uwan abin da masu gyaran wuta a gida ke kira cok a fitilar fulorasan. CMH na buƙatar nata na musamman mai bugu a hankali. Ka haɗa kwan da balas ɗin HPS na dijital mai saurin bugu, wutar cikin bututun ta riƙa rawa, kwan ya mutu da wuri ko ya fashe. Sannan kwan kansa iri biyu ne: akwai mai riga biyu da aka yi don buɗaɗɗiyar fitila, akwai wanda dole sai an rufe shi da gilashi. Ka duba kwalin kafin ka ɗaura, don in bututu ya fashe gutsuren da zafinsa yake faɗowa. Kamfani na cewa kwan na kai awa 20,000, sama da shekara uku ke nan a kan awa 16 kullum, amma mai sayar maka a gwanjo ba zai san awa nawa ya ci ba, ko ya sani ba zai faɗa ba. Ka sa kuɗin sabon kwan a cikin lissafinka tun kafin ka taya.

Ba kamar LED ba ce da kake kashewa ka kunna yadda ka ga dama. Tana ɗaukar 'yan mintuna kafin ta cika haske, kuma in ta mutu sai ka bar ta ta huce kamar minti 15 kafin ta sake kamawa. Kada ka taɓa kwan da hannu tsirara, kada ka zuba mata ido, kada ruwan feshi ya same ta tana da zafi. Ka sa taima mai ƙarfi, ba ɗan ƙaramin na fitilar ado ba, ka guji jera ekstenshan a kan ekstenshan, kuma a samu na'urar jin hayaƙi kusa. Kwan da ya mutu yana da zaiba, wurin karɓar kayan lantarki na kansil ake kai shi, ba kwandon shara ba.

Akwai kuma abin da babu shi a takardar kamfani. Baƙin tanti, fanka mai gurnani, farin haske yana fitowa ta ƙasan ƙofa da ƙarfe uku na dare: a unguwannin Ingila kowa ya san me wannan hoton ke nufi, kuma kai baƙo ne. In gidan haya kake, ka gaya wa mai gidan tun kafin ka kafa, ka buɗe masa tantin ya ga barkono da idonsa, ka duba ko yarjejeniyar hayarka ta yarda. Danshin da tsire-tsire ke fitarwa na iya sa bango fumfuna, kuma daga kuɗin ajiyarka za a cire. In kuwa lantarki na cikin kuɗin haya ne, ko kuna raba shi da abokan zama, wannan fam 41 ɗin ba naka ba ne kai kaɗai, a yi magana tun wuri.

Ga 'yan uwa da ke kallonmu daga Jidda ko Kumasi ko Yawunde da suka yi tambaya: ku rana ta ishe ku, abin da kuke nema inuwa ce da ruwa, kada ku kashe ko sisi a kan wannan. Na Minnesota da Toronto da Glasgow masu gareji mai sanyi, ku ne kasuwarta. Sauran, masu ɗaki ɗaya a bene, ku tara ku sayi allon LED mai wat 150 zuwa 200, ku tabbatar an rubuta µmol/J ɗinsa a fili, ba "daidai da wat 1000" ba. A bidiyo na gaba zan ajiye allon LED ɗin gefe da gefe da CMH, da mitar soket a jikin kowanne, mu ga yunit ɗin suna hawa a kan kyamara. Wanda ke da irin attaruhun da ya taɓa yi masa 'ya'ya a cikin ɗaki, ya faɗa mana a ƙasa wane iri ne da girman tukunyar da ya sa shi.