Wayar salula: Yadda rezo ke bin sawun makiyayi a Tarka

Wasu daga cikin jama'ar gundumar Tarka, wadda hedkwatarta ke Belbeji, ba mazauna wuri ɗaya ba ne. Da damina ta faɗi, Fulani da Buzaye kan yi arewa da bisashensu, wasu har Ingal, bayan kaka kuma su gangaro gonakin Damargu. Fatake kuwa kullum suna bisa hanyar Damagaram zuwa Agadas, wadda ta ratsa Tanut. Salula ce ke sanar da su farashin kasuwa, da rijiyar da ta ƙafe, da kuɗin da ɗan'uwa ya aiko daga Libiya.

To amma ita intanet tun asali an gina ta ne domin na'urorin da ke zaune wuri guda. Kowace na'ura ana ba ta adireshi, kamar lambar akwatin gidan waya. Idan mai waya ya tashi daga ƙarƙashin wannan eriya zuwa waccan, sai an san yadda za a bi shi da saƙonsa. Dabarar da aka daɗe ana amfani da ita ita ce a tara komai a wata babbar cibiya, duk saƙo sai ya biya ta can kafin ya iso. Hanya ta yi tsawo ke nan, cibiyar ta cunkushe, in kuwa ta sami matsala kowa ya shiga duhu.

Wannan ne ya sa ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar da sharuɗɗan rarraba wannan aiki a shekarar 2014, ta yadda ƙananan cibiyoyi na kusa da mai waya za su riƙa ɗaukar nauyinsa. Wasu masana a Amurka, cikinsu har da Van Jacobson, sun ƙara gaba: tun 2010 suke gwajin tsarin NDN, inda waya ke neman bayani da sunansa, ba da adireshin inda yake ajiye ba. Duk na'urar da ke riƙe da kwafinsa a kusa, sai ta miƙo.

Mu ma'aikatan rediyo wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. In muka karanta sanarwar rasuwa ko ta ɓatan raƙumi, suna muke kira, kuma saƙo ya iske mai shi ko a wace mashaya yake.

Sai dai har yanzu tsarin na NDN bai wuce matakin gwaji ba. Kuma ko da ya kankama, ba zai amfani wanda ke hawa tudu yana ɗaga waya sama ba. Don haka muke kira ga hukumar ARCEP da kamfanonin sadarwa da su riƙa duba burtali da mashaya wajen kafa eriya, ba manyan garuruwa kaɗai ba. Ai sai bango ya tsaya ake masa zane.