KIRISTANCI DA BAƘAR FATA: ABIN DA TARIHI YA TABBATAR DA ABIN DA BAI TABBATAR BA

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda Ya halicci 'yan Adam daga tsatso guda, Ya sanya bambancin harsunansu da launukansu ya zama aya ga masu hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da sauran annabawa baki ɗaya.

Bayan haka, dalilin wannan rubutu shi ne wata gardama da muka tarar a wata rumfa a kasuwar Ƙofar Wambai bayan sallar La'asar. Wani saurayi mai sayar da gwanjo ya ce wa abokin cinikinsa, Kirista ne daga Sabon Gari, wai addininsa na Turawa ne, a jirgin bayi aka kawo shi, kuma babu baƙin mutum mai mutunci da zai bi shi. Shi kuma ya mayar masa da cewa ai a Kasuwar Kurmi, nan kusa, an sayar da bayi tun kafin Bature ya san hanyar Kano. Murya ta fara tashi, mutane suka fara taruwa. Da aka nemi mu sa baki, sai muka ga kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya ya yar da saura. Wanda ya ga abin da ya auku a Kano cikin Oktoba 1991, lokacin rikicin zuwan mai wa'azin nan Reinhard Bonnke, ya san inda irin wannan magana take kai mutane idan babu ilmi a cikinta. Saboda haka muka ga ya kamata mu warware mas'alar daki-daki.

Mu fara da asali. Annabi Isa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba Bature ba ne. Ɗan Bani Isra'ila ne, a ƙasar Falasɗinu ya yi kira, harshensa kuwa Aramiyanci ne, ɗan'uwan Larabci da Ibrananci. Hoton nan mai farar fata da shuɗin ido da ake rataye wa a bango, masu zanen Turai ne suka siffanta shi da kamanninsu bayan ɗaruruwan shekaru. Linjilolin nan huɗu da ke hannun Kirista a yau da Girkanci aka rubuta su, kuma mafi yawan masu binciken su kansu suna sanya rubuta su tsakanin shekara ta 70 da ta 100 ta Miladiyya. Bulus, wanda wasiƙunsa suka ɗauki babban kaso na Sabon Alkawari, bai yi zama da Almasihu ba a lokacin kiransa. Sannan saɓani a kan matsayin Almasihu ya daɗe a tsakanin mabiyansa, har Sarkin Rum Ƙusɗanɗin ya tara manyan limaman coci a Nikiya cikin shekara ta 325, aka yanke cewa zatinsa ɗaya ne da na Allah. Cikin 380 wannan aƙida ta zama addinin daular Rum. A nan ne saɓaninmu da su yake, domin mu Musulmi mun yi imani cewa Isa bawan Allah ne kuma ManzonSa, an haife shi ba tare da uba ba, da ikon Allah. Wannan saɓani na aƙida ne, kuma da hujja ake tattauna shi.

To, amma wanda ya ce Turawa ne kaɗai suka gina wannan addini, bai karanta tarihi ba. Mutanen biyu da suka fi ja-in-ja a kan mas'alar Nikiya duka daga Afirka suke: Ariyus, wanda ya ce Almasihu abin halitta ne, limami ne a Iskandariya, asalinsa daga Libiya; Atanasiyus, babban mai adawa da shi, shi ma mutumin Iskandariya ne. Tartuliyan, wanda ya fara amfani da kalmar Triniti a Latinanci, mutumin Kartaj ne, a Tunisiya ta yau. Agustin, wanda ya rasu cikin 430, a Aljeriya ta yau aka haife shi. Idan aka ce waɗannan mutanen Arewacin Afirka ne, to sai mu gangaro Habasha. Sarki Ezana na Aksum ya karɓi Kiristanci a ƙarni na 4, tun Ingilishi suna bautar gumaka. Nuba kuwa, a Sudan ta yau, sun karɓe shi a ƙarni na 6, masarautunsu suka rayu ɗaruruwan shekaru. Cikin 652 rundunar Musulmi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Sa'ad ɗan Abi Sarhin ta ƙulla sulhu da su a Dungula, sulhun da ya kai kimanin shekaru 600.

Mu Musulmi ma ba mu da uzurin jahiltar wannan, domin yana cikin littattafan Sira da muke karantawa a zaure. A shekara ta biyar bayan aiko Annabi, da azabar Ƙuraishawa ta tsananta, Habasha ya tura sahabbansa, wajen Najjashi, sarki baƙar fata kuma Kirista a lokacin. Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya karanta masa Suratu Maryam, ya yi kuka, ya ƙi miƙa su ga jakadun Makka duk da kyaututtukan da suka kawo. Da ya rasu, bayan ya musulunta, Annabi ya yi masa sallar gawa daga Madina. Ashe mafaka ta farko da Musulunci ya samu, a ƙasar Kirista baƙaƙen fata ya same ta.

Yanzu kuma mu juya ga ɓangaren da saurayin nan yake da gaskiya. Kiristancin da ya zo Afirka ta Yamma ta teku ya zo, kuma tarihinsa a haɗe yake da cinikin bayi. Cikin 1444 aka sauke bayi 235 a garin Lagos na ƙasar Fotugal aka raba su. Cikin 1452 Paparoma Nikolas na Biyar ya ba Sarkin Fotugal takardar izinin yaƙar Musulmi da maguzawa da mayar da su bayi na har abada. Daga nan har zuwa ƙarni na 19, an loda mutane kimanin miliyan goma sha biyu da rabi a jirage aka nufi ƙasashen Amurka da su. Ƙungiyar yaɗa bishara ta Cocin Ingila ta mallaki gonakin rake na Codrington a tsibirin Babados tun daga 1710, har aka riƙa ɗora wa bayi lamba da ƙarfe mai zafi a ƙirji. Sai cikin 2006 majalisar Cocin Ingila ta nemi gafara a kan wannan. A Birazil, Hausawa da Yarbawa Musulmi da aka yi wa baftisma dole sun yi tawaye a Bahiya, mafi girmansa cikin watan azumi na 1835. A Afirka ta Kudu kuma babban cocin Turawan Buwa ya daɗe yana neman wa wariyar launin fata hujja daga littafi.

Hujjar da aka fi riƙewa ita ce labarin la'anar Ham ɗan Nuhu, wai an la'ance shi ya zama baƙi, zuriyarsa kuma ta zama bayi. Wanda ya duba babi na 9 na Littafin Farawa zai tarar cewa Kan'ana aka ambata da la'anar, kuma babu zancen launin fata ko kaɗan. Masu son kuɗi ne suka ƙara wannan. Abin baƙin ciki, labarin ya shigo wasu littattafanmu ta hanyar Isra'iliyyat. Ibnu Khaldun ya ƙaryata shi a Muƙaddimarsa, ya danganta launi ga yanayin ƙasa. Shehu Ahmad Baba na Tambutu, a fatawarsa Mi'irajus Su'ud ta 1615, ya bayyana cewa baƙin launi ba dalilin bauta ba ne, ya kuma lissafa mutanen Kano da Katsina da Gobir da Barno a cikin Musulmin da bai halatta a bautar ba. Amma me ya sa aka yi masa tambayar? Saboda ana kama su ana sayarwa a hayin Sahara, masu saye kuwa Musulmi ne. Bayi sun tsaya a Kurmi, rinjojin sarakuna da attajirai sun cika da su. Samuel Ajayi Crowther kansa, mahara Musulmi ne suka kama shi yana yaro cikin 1821. Wannan ɓangare na tarihinmu ba mu da ikon share shi, kuma Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta hana mu barin ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga rashin adalci.

Haka nan adalci ya wajabta a faɗi cewa daga cikin Kirista aka samu masu yaƙi da cinikin bayi, irin su William Wilberforce, har Ingila ta haramta cinikin cikin 1807, ta kuma soke bautar a yankunanta da dokar 1833. Jirgin yaƙin Ingila ne ya ƙwato Crowther cikin 1822, aka naɗa shi bishop cikin 1864. Sai dai ƙarshen labarinsa darasi ne. Cikin 1890 wasu samarin Turawan mishan suka wulaƙanta limamansa baƙaƙen fata a gabansa, suka dakatar da su. Ya rasu a ranar ƙarshe ta 1891, aka ba Bature kujerarsa. Kirista 'yan ƙasa a Ikko suka kafa cocinsu na kansu cikin 1891 da 1901. Watau su ma sun ɗanɗana wariyar, sun kuma yaƙe ta, kamar yadda Martin Luther King ya yi a Amurka, da Desmond Tutu a Afirka ta Kudu, kowannensu limamin coci ne baƙar fata.

A nan Kano labarin a gaban idon kakanninmu ya faru. Cikin Afrilu 1900 Bishop Tugwell ya iso da ayarinsa na Turawa biyar, har da Likita Miller. Sarkin Kano Alu ya gana da su a fada, ya ƙi ba su wurin zama, ya umarce su su bar gari cikin 'yan kwanaki. Suka koma Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu ya mutu. Cikin Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka ci Kano, a watan Maris kuma Lugga ya yi alkawari a Sakkwato cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba. Daga nan gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita ayyukan mishan a cikin biranen sarakuna, domin ta fi buƙatar zaman lafiya da haraji a kan bishara. Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, mishan ɗin ya koma Wusasa cikin 1929, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki nasu da Hausa cikin 1932. Daga Wusasa aka samu Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, a can kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Mafi yawan Kiristan da suka zauna a Kano kuwa baƙaƙen fata ne irinmu. Jirgin ƙasa ya iso cikin 1911, ya kawo akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu da Gana da Saliyo, aka yanka musu Sabon Gari wajen 1913. Jikokinsu ne ke ƙetaro Fagge kullum su shigo Ƙofar Wambai, su sari takalma da robobi da zare, mu ba su bashi su ba mu. Asibitin ido na mishan da aka buɗe cikin 1943, malamai da almajirai nawa ne aka yi wa aikin yanar ido a can suka koma karatun Alƙur'ani?

To, ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da ma'aikata, ga abin da muke ba da shawara. Idan magana ta haɗa ku da abokin aiki ko abokin ciniki Kirista, ku bar zancen launi, domin hujja ce mai rauni. Wanda ya ce Kiristanci addinin Turawa ne, gobe za a ce masa Musulunci addinin Larabawa ne, alhali Bilal Bahabashe da Salmanu Bafarishe suna cikin sahun farko. Suratul Hujurat, aya ta 13, ta sanya taƙawa ce ma'aunin girma. Gaskiyar addini ana auna ta da abin da yake faɗa game da Allah, da ingancin hanyar da littafinsa ya iso ga mutane. A wannan fage muna da abin faɗa mai yawa: tauhidi, da yadda aka kiyaye Alƙur'ani baki da baki har zuwa allunan yaranmu. Suratul Ankabut, aya ta 46, ta shar'anta cewa jayayya da Ma'abota Littafi ta zama ta hanya mafi kyau, Suratul An'am, aya ta 108, kuma ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa. Wanda bai karanta ba, ya yi shiru ya mayar da tambaya ga malamai.

Su kuma Kirista muna kiransu da su karanta tarihin nan gaba ɗayansa, su gane cewa ƙyamar da kakanninmu suka nuna wa mishan tana da dalili, domin sun ga mai wa'azi ya zo cikin 1900, mai bindiga ya biyo shi cikin 1903.

Mutanen nan biyu na rumfar gwanjo ba su yarda da juna a kan aƙida ba, mu ma ba mu nemi haka daga gare su ba. Amma sun ƙarasa cinikinsu, aka ɗaure dila, aka kira mai baro ya ɗauka zuwa Sabon Gari kafin Magariba.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.